Tarihin Mararrabar Sauti a Akwatin Lasifika: Daga Naɗin Waya Zuwa Lissafi

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin akwatin lasifika irin wanda ake haɗa wa rediyo ko garmaho ya san ba lasifika ɗaya ce a ciki ba. Akwai babba mai faɗin faifai, akwai ƙarama wadda ba ta wuce bakin kofin shayi ba, wani lokaci ma har da matsakaiciya. Abin da ba kowa ya kula da shi ba shi ne wani ɗan allo da ke maƙale a bayansu, ɗauke da naɗin wayar jan ƙarfe da 'yan kafasita. Aikinsa ya tare sautin da ke fitowa daga amfilifaya ya raba shi, mai kauri ya bi wannan hanya, siriri ya bi waccan. Masu sana'ar suna ce masa kurosoba, mu kuwa a wannan maƙala za mu kira shi mararraba, tunda aikinsa ke nan. Tarihinsa ya haura shekara 90, kuma mai karatu zai ga cewa raba sautin bai taɓa zama babbar wahala ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a sa abin da aka raba ya sake haɗuwa a cikin iska, ya iso kunne tamkar daga baki ɗaya ya fito.

Me ya sa ma ake rabon? Sauti kaɗawar iska ce, ana kuwa auna shi da yawan kaɗawa a cikin sakan ɗaya. Sunan ma'aunin Hz, don tunawa da Bajamushen nan Heinrich Hertz. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga 20 Hz zuwa wajen 20,000 Hz. Tsawon igiyar sauti mai 20 Hz ya kai mita 17, na mai 20,000 Hz kuwa bai cika santimita 2 ba. Kafin a fid da rugugi irin na tambari sai an tura iska mai yawa, watau sai babbar takarda mai nauyi wadda ke kai da komowa da nisa. Siririn sauti kuwa yana bukatar abu marar nauyi mai saurin rawa. In aka tilasta wa babbar lasifika siririn sauti, takardarta takan riƙa lanƙwashewa, sautin kuma ya miƙe gaba kawai kamar hasken tocila, na gefe bai samu ba. In kuwa aka ɗura wa ƙaramar rugugi, nan take sai ta ƙone. Makaɗan fada sun daɗe da sanin haka, ba wanda ke neman muryar algaita a wurin tambari.

Abin mamaki, ba don kiɗa aka fara wannan ilmi ba, don wayar tarho ne. A 1915 George Campbell na kamfanin tarho na AT&T a Amurka da Karl Willy Wagner a Jamus, kowa a nasa gefen, suka gano yadda za a jera naɗin waya da kafasita su zama rariyar lantarki, wadda ke barin wasu kaɗawa su wuce ta tare wasu. Bukatar kamfanin ita ce ya ɗora hira da yawa a kan waya guda ba tare da sun cakuɗe ba, kuma a 1918 aka fara yin haka tsakanin Baltimore da Pittsburgh. Asirin abin mai sauƙi ne. Naɗin waya yana sakin kaɗawa ta ƙasa ya danne ta sama, kafasita kuwa akasin haka take yi. A 1930 wani injiniyan Ingila, Stephen Butterworth, ya fito da lissafin rariya wadda ba ta da tudu ba ta da kwari a sashen da take bari ya wuce, har yau kuwa da sunansa ake kiranta. Lasifika irin wadda muka sani, mai takarda da maganaɗisu da ɗan naɗin waya, Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric ne suka bayyana ta a 1925. Kayan aiki sun haɗu ke nan, saura mai bukata.

Mai bukatar shi ne gidan silima. Daga 1927, lokacin da fim ya fara magana, sai aka shiga neman lasifikar da za ta cika babban zaure. Na farkon ƙaho ɗaya ne babba, yana fid da magana sarai amma ba ya kai ƙasa, ba ya kai sama. A farkon shekarun 1930 injiniyoyin Bell da Western Electric suka fara raba aikin tsakanin lasifika biyu ko uku, har a 1933 suka ɗauki kiɗan makaɗan Philadelphia ta waya suka sake shi a wani zaure a Washington ta cikin ƙahonin da aka raba wa sauti.

To a nan ne matsalar da za ta bi wannan fanni har zamaninmu ta fara nuna kanta. John Hilliard, injiniyan sauti a kamfanin fim na MGM, ya ba da labarin yadda suna sauraren rawar Eleanor Powell, wadda ke buga ƙasa da takalmi mai ƙarfe, sai suka riƙa jin kowane bugu sau biyu. Aka bincika fim, ba laifi. Ashe ƙahon da ke fid da sauti mai kauri ya fi na siririn tsawon hanya da kimanin ƙafa 8, saboda haka rabin bugun yakan riga ɗaya rabin isowa. Sauti yana tafiyar mita 343 ne a sakan, ƙafa 8 kuwa ta isa ta jawo jinkirin da kunne zai kama in sautin gajere ne mai kaifi. Rariyar ta yi aikinta daidai, ta raba, amma ba ruwanta da wa ya riga wa. Maganin da Hilliard da Douglas Shearer da James Lansing suka yi a 1935 na kafinta ne: suka gina sabon ƙaho, suka matso da bakunan biyu yadda hanyoyinsu za su kusa daidaita. Wannan ƙaho na Shearer ya sami lambar yabo ta Oscar a fannin fasaha, gidajen silima masu yawa kuma suka ɗauke shi. Wasu suka bi ta wata hanyar, suka cusa ƙaramar lasifika a tsakiyar babbar, kamar Altec 604 ta 1944 da ta kamfanin Tannoy ta 1947.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai abin ya shigo gida. Sojoji da yawa sun dawo da ilmin rediyo, kayan lantarkin soja sun cika kasuwa da araha, na shago kuwa tsada. Mujallar Wireless World ta Ingila ta buga zanen amfilifayar Williamson a 1947, mutane dubbai suka haɗa ta a ɗakunansu. Gilbert Briggs mai kamfanin Wharfedale ya riƙa rubuta littattafai don masu sha'awa tun daga 1948. Mutum ya sayi lasifikansa tsirara, ya yanka katako, ya naɗa waya da hannunsa yana ƙirgawa. Lissafin da littattafan ke bayarwa bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Alal misali, lasifika mai om 8, in ana son rabo a 2,500 Hz, kafasita mai maikirofarad 8 da naɗi mai rabin milihenri sun isa. Har yanzu akwatunan da kafintoci da masu gyaran rediyo ke haɗawa a kasuwanninmu galibi a kan ƙaramin wannan tsari suke, kafasita ɗaya a gaban ƙaramar lasifika, shi ke nan.

Sai dai lissafin nan ya ginu ne a kan zato. Ya ɗauka lasifika om 8 ce ko yaushe, alhali kuwa turjiyarta ga lantarki tana hawa tana sauka. A inda takardar ta fi son rawa da kanta takan ninka sau da yawa, can sama kuma ta sake hawa saboda ɗan naɗin da ke cikinta. Rariyar da aka lissafa wa om 8 ta tarar da om 25, sai rabon ya kauce daga inda aka nufa. Akwai dabarar gyara da aka aro daga Otto Zobel, wani injiniyan tarho, amma kowane gyara ƙarin kaya ne, kowane ƙari kuma yana taɓa sauran. Ga kuma nauyi. In rabon a 100 Hz ake so, naɗin zai haura milihenri 12, kafasitar ta kusa maikirofarad 200, ga tsada, ga cin wutar da ya kamata ta je ga lasifika. Mai haɗawa a gida ba shi da na'urar awo, sai kunne. Ya sauya kafasita ya saurara, ya narka dalma ya sake wata, wata da watanni. Aikin Neville Thiele na 1961 da na Richard Small a farkon shekarun 1970, dukansu a Ostireliya, ya fid da girman akwati daga hannun canki-canki, amma mararraba ta ci gaba da zama wurin da gwanaye ke bambanta da 'yan koyo.

Tun da wuri wasu sun ga cewa in aka yi rabon kafin amfilifaya, lokacin da sautin yake ɗan ƙaramin lantarki, duk wannan wahala ta kau. Kowace lasifika sai ta sami amfilifayarta, rariya kuma ba ta ƙara haɗuwa da turjiyar lasifika. Sallen da Key sun nuna yadda za a yi rariya ba naɗin waya a 1955, amma a zamanin da amfilifaya ɗaya ke cinye albashin wata, wa zai sayi huɗu? Sai da taranzista ta yi araha, aka kuma sami 'yan ƙananan ƙwayoyi irin 741 ta 1968, sa'an nan wannan hanya ta zama abin da mutum zai iya yi a gida.

A nan ne Siegfried Linkwitz ya shigo. Bajamushe ne, aikinsa ƙera na'urorin auna igiyar rediyo a kamfanin Hewlett-Packard a Kalifoniya, lasifika kuwa abin sha'awarsa ne bayan an tashi aiki, shi da abokin aikinsa Russ Riley. Da yake sana'arsa ta saba masa da eriya, sai ya dubi lasifika biyu a kan allo ɗaya kamar eriya biyu. A daidai wurin rabo dukansu suna magana tare, daga wurare biyu dabam. In takunsu bai zo ɗaya ba, watau wannan tana turawa waccan ba ta kai ga turawa ba, sai sautin ya karkata sama ko ƙasa, wanda ke zaune ya ji wani abu, wanda ke tsaye ya ji wani. A 1976 ya buga maƙala a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, inda ya nuna cewa in aka jera rariyar Butterworth biyu a bayan juna, kowace lasifika takan ragu da dasibel 6 a wurin rabo, takunsu ya zo ɗaya, jimlarsu ta fito sumul, sautin kuma ya miƙe gaba sosai. Wadda ta fi shahara ita ce mai zaftare dasibel 24 duk lokacin da kaɗawa ta ninka, ana ce mata LR4. A 1978 ya ba masu karanta Wireless World cikakken zane don su gina da kansu.

Amma fa LR4 tana da sharaɗi, sai sautin lasifikan biyu ya taso daga nisa ɗaya da kunne. A kan allo miƙaƙƙe kuwa ba haka abin yake ba, domin babbar lasifika tana da zurfi, sautinta daga can ciki yake tasowa. A ce tazarar santimita 3 ce. Kamar ba komai, amma a 2,500 Hz tsawon igiya bai cika santimita 14 ba, ka ga an ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar nata. Matsalar takalmin Eleanor Powell ce dai ta dawo a ƙaramin jiki. Kamfanin B&W a 1976 da KEF a 1977 suka fid da akwatuna masu hawa-hawa, ƙaramar lasifika a ja da baya. Linkwitz shi kuma ya yi ta da da'irar lantarki mai kwaikwayon jinkiri. Kwaikwayo ne kawai, domin riƙe sauti na ɗan lokaci ba tare da an taɓa shi ba abu ne mai wuyar gaske ga naɗi da kafasita.

Ga kwamfuta kuwa ba abin da ya fi wannan sauƙi. Tun 1937 Alec Reeves, Baturen Ingila, ya yi tunanin mai da sauti jerin lambobi, shi ma don tarho. Faifan CD na 1982 ya kawo abin gida, yana ɗauke da lamba 44,100 a kowane sakan ga kowane kunne. Da zarar sauti ya zama lambobi, jinkirta shi bai wuce a ajiye lamba a sake ta daga baya ba. A na'urar da ke ɗaukar lamba 48,000 a sakan, jinkirin lamba ɗaya daidai yake da ja da lasifika baya milimita 7. Santimita 3 ɗin nan da ta sa kamfanoni sassaƙa katako, lamba huɗu ce. Rariya kuma ta koma tarawa da ninkawa. Ƙwayoyin lissafin sauti sun fito a shekarun 1980 daga Texas Instruments da Motorola, a mashigar shekarun 1990 kuma kamfanin Meridian na Ingila ya fara sayar da lasifikar gida wadda mararrabarta lissafi ce zalla. Kuɗinta sai attajirai. Mai haɗawa a gida ya jira har farkon shekarun 2000, lokacin da akwatin Behringer DCX2496, wanda aka yi don masu kiɗan dandali, ya faɗo hannunsa, da kuma manhajoji na kyauta irin BruteFIR masu aiki a kwamfuta. Daga baya kamfanin miniDSP na Hong Kong ya fito da allo kamar tafin hannu, mai karɓar sauti biyu ya fid da huɗu. Yau har ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, ana sa ta wannan aiki.

Rariyar lissafi iri biyu ce, kuma zaɓi tsakaninsu ya raba kan masu sha'awa. Ta farko, IIR, kwafin tsohuwar rariya ce. Kowane ɗan sashe nata lambobi biyar ne, sashe biyu sun ba ka LR4, ba ta cin lissafi, ba ta jinkiri, amma tana murɗa takun sauti kamar yadda kakarta ta jan ƙarfe ke yi. Ta biyu, FIR, tana duban dubban lambobi a lokaci guda, tana iya rabo mai kaifi kamar reza ba tare da ta murɗa taku ba, irin abin da Stanley Lipshitz da John Vanderkooy na Jami'ar Waterloo a Kanada suka yi nazari a kai tun 1983. Kuɗin da ake biya shi ne jira. Rariya mai matakai 8,192 tana riƙe sauti kimanin kashi 85 cikin dubu na sakan, wanda ya isa ka ga bakin ɗan wasa ya motsa a talabijin kafin maganar ta iso. Bugu da ƙari, in rabon ya cika kaifi kowace lasifika takan yi 'yar ƙara kafin bugun ya zo. A gaba sosai ƙarar wannan tana kashe ta waccan, a gefe kuwa ba sa kashe juna. A ganina yawancin masu rububin FIR sun fi jin daɗin kyan zanenta a allon kwamfuta fiye da abin da kunnensu ya shaida, ko da yake a ƙasa, wajen haɗa akwatin rugugi da sauran, amfaninta a fili yake.

To yaya ake tsara mararrabar a yau? Tushen hanyar ya girmi kayan. Tun shekarun 1970 Laurie Fincham da abokan aikinsa a KEF, waɗanda suka fara auna lasifika da kwamfuta, suka tsaya a kan cewa siffar da ake nema, LR4 ce ko wata, a sautin da ya fito iska za a same ta, bayan an haɗa halin rariya da halin lasifikar kanta. Saboda haka mai haɗawa yakan fara da makirufon awo da manhaja irin REW ta kyauta. Ya auna kowace lasifika ita kaɗai, a cikin akwatin da za ta zauna, daga gaba da kuma daga gefe, ya yanke awon kafin amsa-kuwwar bango ta iso. Sa'an nan ya daddanne tuddan da ya gani. Kwari kuwa sai a yi hattara, domin wanda amsa-kuwwa ta haƙa ba ya cikuwa, ƙarin wuta kawai zai gasa lasifika. Wurin rabo sai ya zama ya yi nisa da inda ƙaramar ke fara wahala, bai kuma kai inda babbar ke tsuke sautinta kamar tocila ba. Daga nan sai jinkiri. Gwajin da aka saba yi shi ne a juya wayar lasifika ɗaya, a yi ta ƙara jinkiri har a sami rami mafi zurfi a wurin rabo, alamar takunsu ya zo ɗaya ke nan, sai a mai da waya yadda take. Abin da dā ke cin wata uku da dalma, yanzu yammaci ɗaya ne.

Wannan sauƙi shi ne kuma tarkon. Mutum na iya cika lambobi a manhaja bai taɓa aunawa ba, ya zaɓi LR4 a 2,500 Hz don haka ya ji ana faɗa, ya sami abin da bai kai na mai kafasita ɗaya ba. Kuma akwai abin da lissafi ba ya iyawa. In lasifikan biyu sun yi nisa da juna a kan allo, ko faɗinsu ya bambanta ƙwarai, yadda suke watsa sauti a ɗaki ba zai daidaita ba, kome lambar da aka sa, sai an koma ga zarto. Linkwitz da kansa a kan wannan ya ƙare aikinsa. Lasifikarsa ta LXmini ta 2014 bututun roba ne irin na magudanar ruwa, babbar lasifika tana kallon sama, ƙaramar a bisanta dab da ita, rabo a wajen 700 Hz, da ɗan allon miniDSP. Siffar ce ta ɗauki yawancin tunaninsa, lissafin ya biyo baya. Ya rasu a 2018, mutane kuwa suna ta gina ta a ƙasashe da dama.

Sauran kuɗin da ake biya a bayyane suke. Akwati biyu masu lasifika uku-uku suna bukatar hanyar amfilifaya shida. Mai faifan garmaho sai an mai da kiɗansa lambobi an sake mai da shi lantarki, wasu kuwa ba sa yarda da haka ko kusa. In ba a daidaita ƙarfin kowane mataki ba, za a riƙa jin "sss" daga ƙaramar lasifika cikin dare. Akwai kuma maganar daɗewa. Akwatin AR-3 na 1958, in aka sauya masa tsofaffin kafasita aka goge masa maɓallai, yau ma zai yi kiɗa da kowace amfilifaya. Allon lissafi kuwa yana rataye ne da manhajar da ke saita shi da kwamfutar da za ta karɓi manhajar, ranar da kamfani ya daina kula da ita sai lambobin su maƙale a ciki.

Haɗari mafi kusa shi ne na ƙaramar lasifika. A sabon tsari ba abin da ke tsakaninta da amfilifaya sai waya. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita amfilifaya ta yi "ɗum", ko mutum ya loda saitin babbar a hanyar ƙaramar, cikin ƙiftawar ido ta tafi. Don haka magina masu hankali sukan sa mata kafasita guda babba a gaba, wadda rabonta ke can ƙasa da wurin da lissafi ke rabo, yadda ba za ta sa baki cikin kiɗa ba, sai dai ta tare rugugin da ya ɓato hanya. Bayan an sa ta sai a sake awo, domin ita ma tana ɗan taɓa taku, a gyara lambobin jinkiri daidai da abin da makirufo ya nuna.